'Yan Asalin Yankin Abuja: Yadda Aka Karɓi Ƙasarsu da Matsayinsu a Gaban Doka

Wannan shafi bayani ne a kan al'ummomin da suke zaune a yankin Babban Birnin Tarayya tun kafin a kafa shi, da abin da doka ta yi da ƙasarsu, da kuma inda maganar amincewa da su ta kwana. Mun tanade shi ne domin manoma da makiyaya, da masu unguwanni da dagatai da hakimai, da jami'an sashen ƙasa na ƙananan hukumomi. Kusan kowace shekara gwamnati takan karɓi gonaki domin shimfiɗa hanya ko gina madatsar ruwa ko rukunin gidaje, kuma tambayoyin da suka taso a Abuja tun 1976 su ne dai suke zuwa ofisoshinmu: su wane ne a wurin, su nawa ne, wace hujja ce a hannunsu, me kuma doka ta ce a ba su.

Su wane ne 'yan asalin yankin

Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin suna lissafa ƙabilu 9, wato Gbagyi, Gbari, Koro, Gade, Gwandara, Ganagana, Bassa, Egbura da Amwamwa. Gbagyi da Gbari, waɗanda Hausawa suka haɗe su a suna guda suke ce musu Gwari, su ne suka fi yawa, kuma 'yan uwansu suna nan da yawa a jihohin Neja da Kaduna da Nasarawa. Akwai kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe a yankin tun kafin zuwan Turawa. Yawancin jama'ar manoma ne na doya da dawa da masara, tare da farauta da ginin tukwane. Marigayiya Ladi Kwali, mai ginin tukwanen nan da hotonta yake bayan takardar naira 20, 'yar garin Kwali ce. Muna tunatar da jami'anmu a nan cewa da yawa daga cikin Gbagyi ba su son a kira su Gwari, saboda yadda aka mai da sunan abin zolaya a bakin Hausa. Kyautuwa ya yi a takardar hukuma a rubuta wa kowace al'umma sunan da take kiran kanta da shi.

Shi kansa sunan Abuja aro ne. Bayan da jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ya yi kudu da jama'arsa, kuma ɗan uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, yana kuma cikin Jihar Neja. Haka nan Garki da Wuse da Maitama da Jabi da Utako da Mabushi, waɗanda yau aka san su a matsayin manyan unguwanni, sunaye ne na ƙauyukan da birnin ya tarar a wurin.

Dokar 1976 da alƙawarin farko

A watan Agusta 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Disamba, kuma ranar 3 ga Fabrairu 1976 Shugaban Ƙasa ya sanar da zaɓen sabon wuri a tsakiyar ƙasa. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta yanke fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, mafi yawansa daga Jihar Neja, saura daga Filato da Kwara, wato ɓangarorin da yau suke maƙwabtaka da Nasarawa da Kogi. Dokar ta ce daga ranar yankin ya daina zama ɓangaren kowace jiha, kuma mallakar ƙasarsa baki ɗaya ta koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Daga cikin dalilan da aka bayar na zaɓen wurin akwai cewa ba ya ƙarƙashin ikon ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar nan, kuma mutanen da ke cikinsa kaɗan ne. A kan wannan zato aka gina alƙawarin farko, cewa za a kwashe kowa da kowa a tsugunar da su a wajen yankin, a inda suka zaɓa, gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin. Sai bayan an sa hannu a dokar aka tura masana su ƙirga. Binciken da aka yi a 1977 ya gano mutum fiye da 100,000 a ƙauyuka fiye da 800, adadin da ya ninka abin da aka zata. An ƙiyasta kuɗin kwashe su da biyan diyya a kan kimanin naira biliyan 1.8, kuɗin da gwamnati ta ga ba za ta iya fitarwa ba. Masanan sun ƙara da wani gargaɗi: noman da mutanen nan suke yi shi ne yake rage dajin da ƙudan tsando ke hayayyafa a cikinsa, don haka idan aka kwashe su daji zai rufe wurin, cuta ta ƙaru.

A ganinmu tushen matsalar yana nan. An yanke hukunci a kan ƙasa kafin a san yawan masu ita, kuma da gaskiyar adadin ta bayyana, manufar tsugunarwa aka sauya, ita kuwa dokar da ta karɓe mallakar ƙasar tana nan yadda take.

Sauye-sauyen manufa

A 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta janye daga shirin kwashe kowa. Aka ce waɗanda aikin ginin birni ya shafa kai tsaye su kaɗai za a tasa, sauran su ci gaba da zama. Wasu al'ummomi sun zaɓi komawa jihohinsu na asali, shi ya sa ake da Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna, wanda yanzu shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tafa a Jihar Neja, da Sabon Karu da Sabon Karshi a Jihar Nasarawa. Wasu kuma an matsar da su a cikin yankin: mutanen Maitama da Kukwaba an kai su Kubwa, waɗanda madatsar ruwa ta Usuma ta tasa an tsugunar da su kusa da Ushafa.

Gwamnati ta ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. A 1992 aka fito da wata manufa ta barin ƙauyuka a inda suke a haɗe su da tsarin birni, aka kuma gwada ta a ƙauyen Garki. A 1999 aka soke wannan, aka koma ga kwashewa, aka gina gidaje a Jibi, amma waɗanda aka gina domin su ba su shiga ba, a ƙarshe ma'aikatan tsaro ne suka zauna a ciki. Daga 2003 aka sake sabon lale, aka tsara matsugunai a Apo da Galuwyi-Shere da Wasa. Manufa ta sauya kusan sau huɗu cikin shekara 27. Manomin da aka ce masa zai tashi ba ya dasa itace, ba ya yin gini mai ƙwari, kuma idan shekara 20 ta wuce ba a tashe shi ba, 'ya'yan da aka ƙirga suna goye sun zama magidanta masu bukatar nasu gidan da gonar, alhali sunansu ba ya cikin rajistar farko. Yawancin ƙorafin da ake ji game da rabon gidajen tsugunarwa daga wannan giɓi na tsakanin ranar ƙirga da ranar tashi yake fitowa.

Abin da kotuna suka ce

Sashe na 297(2) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sake tabbatar da cewa mallakar dukkan ƙasar Babban Birnin Tarayya tana hannun Gwamnatin Tarayya. A 2000 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa tun daga dokar 1976 babu sauran haƙƙin mallaka na gargajiya a yankin, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke da ikon ba da fili. Ma'anar wannan ita ce takardar da dagaci ko sarki ko majalisar yanki ta bayar ba ta zama hujjar mallaka a can. Mutum na iya nuna kabarin kakan kakansa a bakin gonarsa, amma a idon doka yana zaune ne a kan ƙasar Gwamnatin Tarayya har ranar da za a bukace ta. Masu sayen fili a hannun 'yan ƙauye a gefen Abuja, waɗanda cikinsu akwai mutanenmu da dama, su lura da wannan sosai, domin rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ci gidaje masu yawa da aka gina a kan irin waɗannan takardu.

Maganar wakilci

Rashin ƙasa ya zo tare da ƙarancin murya. Sashe na 299 ya ce a ɗauki yankin tamkar ɗaya daga cikin jihohi, sai dai ba shi da gwamna ko majalisar dokoki ta kansa. Shugaban Ƙasa ne yake riƙe da ikon zartarwa ta hannun ministan da ya naɗa, Majalisar Tarayya kuma ita ke yi masa doka. Yankin yana da sanata 1 da 'yan Majalisar Wakilai 2, da majalisun yanki 6: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta Birnin Abuja. Akwai sarakuna masu daraja 17, kuma Ona na Abaji ne yake shugabantar majalisarsu.

Shekara da shekaru ba a taɓa naɗa ɗan asalin yankin minista ba, duk da sashe na 147(3) ya wajabta ɗaukar aƙalla minista guda daga kowace jiha. Wani lauya ɗan yankin ya kai ƙara, kuma a Janairu 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa suna da wannan haƙƙi. Sai a 2023 aka aiwatar, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Zephaniah Jisalo Ministan Ayyuka na Musamman. Ƙudurin samar wa yankin zaɓaɓɓen magajin gari kuwa bai sami ƙuri'un da ake bukata a Majalisar Dattawa ba a gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2022.

Nijeriya ba ta da wata doka da ake yi wa al'umma rajista a ƙarƙashinta a matsayin 'yan asali masu haƙƙi na musamman a kan ƙasa. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen ɗaukar aiki ko shiga makaranta, ba ta ba mutum ko taƙi ɗaya na gona. Ƙidayar 2006, wadda ta ba yankin mutum kusan miliyan 1.4, ba ta tambayi ƙabila ba, saboda haka ƙaramar ƙabila ba ta da adadi na hukuma da za ta kafa hujja da shi. A waje kuwa, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwarta kan haƙƙin al'ummomin asali ranar 13 ga Satumba 2007, Nijeriya tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'a. Abin da ya fi kusa da mu shi ne Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda ta zama dokar cikin gida a 1983. A ƙarƙashinta ne al'ummar Endorois ta Kenya ta yi nasara a 2010, al'ummar Ogiek ta ƙasar kuma ta yi nasara a Kotun Afirka a 2017, dukansu a kan ƙasar kakanni da aka fitar da su daga cikinta.

Bambancin Abuja da jihohi

A nan ne muke son mai karatu ya tsaya da kyau, domin matsayin manomi a jiha ya fi na takwaransa na Abuja ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai da yawa ba su sani ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa, domin dokar Turawa ta 1910 da Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 a kan wannan turba suke. Amma dokar ba ta shafe haƙƙin gargajiya ba. Sashe na 36 ya ce duk wanda yake noma wata ƙasa a karkara a ranar da dokar ta fara aiki zai ci gaba da riƙe ta tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi. Sashen ya fayyace cewa saura, wato gonar da aka bari ta huta bisa al'adar wurin, ita ma gona ce. Jami'in da ya ga ciyawa ta rufe wuri ya rubuta cewa daji ne marar mai shi ya saɓa wa doka, kuma irin wannan kuskure ne aka yi wa yanki sukutum a 1976.

Sashen ya kuma buɗe ƙofar rajista. Idan mai gona ya kai zanen gonarsa ko cikakken kwatancenta, ya nemi a rubuta shi, kuma ƙaramar hukuma ta gamsu cewa shi ne yake riƙe da ita, wajibi ne ta yi masa rajista. Ƙaramar hukuma tana da ikon ba da ƙasar noma har hekta 500 da ta kiwo har hekta 5,000, abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, dokar ta hana yanka irin wannan gona fuloti-fuloti ko sayar da ita kai tsaye, kuma mai haƙƙin gargajiya ba ya miƙa shi ga wani sai da yardar ƙaramar hukuma. Na biyu, gwamna yana da ikon ayyana kowane wuri a matsayin birni ta hanyar sanarwa a gazet, kuma daga ranar ikon ba da fili a wurin ya bar hannun ƙaramar hukuma. Ƙauyukan da birni yake tunkarowa su ne suka fi bukatar hanzarta rubuta gonakinsu.

Idan gwamnati za ta karɓi ƙasa, sashe na 28 ya ce sai domin amfanin jama'a, kuma sai an ba mai ita takardar sanarwa mai ɗauke da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini. Kotuna sun sha soke karɓar fili saboda rashin isar da wannan takarda. Diyya kuwa, bisa sashe na 29, ba ta ƙasar kanta ba ce. Ana biyan abin da aka yi a kanta ne: gini a kan kuɗin sake yin irinsa bayan an cire tsufa, da amfanin gona a kan farashin da jami'in ƙiyasi ya tsayar, tare da ruwa idan biyan ya yi jinkiri. A aikace akan ƙirga itatuwa masu amfani kamar kaɗanya da ɗorawa da mangwaro. Maƙabarta da wurin ibadar gargajiya da dajin da mata ke samun itacen girki ba su da gurbi bayyananne a wannan lissafi, don haka tilas shugabannin al'umma su tayar da maganarsu tun a zaman farko, a kuma rubuta abin da aka amince. Idan ƙaramar hukuma ce ta karɓi gona, sashe na 6 ya wajabta mata ba manomin wata gonar a madadinta. Idan ƙasar ta al'umma ce baki ɗaya, gwamna na iya umartar a biya al'ummar, ko shugabanta domin amfanin kowa, ko a zuba kuɗin a wani asusu da aka keɓe mata. Wanda kuma ya karɓi gidan tsugunarwa a madadin gidansa ya sani cewa, bisa sashe na 33, ya sauke wa gwamnati nauyin diyya, kuma idan darajar sabon gidan ta fi ta tsohon, ana iya lissafa rarar a matsayin bashi a kansa.

Hujjar da ake karɓa

A 1976 Kotun Ƙoli ta zayyana hanyoyi 5 na tabbatar da mallakar ƙasa, kuma har yau da su ake aiki: tarihin gargajiya, takardu ingantattu, ayyukan mallaka masu yawa na tsawon lokaci kamar ba da aro ko haya, daɗewa ana riƙe da wurin ana amfani da shi, da kuma mallakar ƙasar da ke manne da wadda ake jayayya a kanta. Hanya ɗaya ta isa idan ta tsaya da ƙafarta. Tarihin baka hujja ce karɓaɓɓiya, amma kotu tana son a faɗi wanda ya fara saran wurin, yadda ya same shi, da jerin waɗanda suka gada har zuwa mai ƙara ba tare da giɓi ba. Dattawan da suka san wannan jeri suna ƙarewa. Muna shawartar kowane dagaci ya tara su, a rubuta bayaninsu a gaban shaidu, a sa kwanan wata, a haɗa da maƙwabtan iyaka su sa hannu. A adana tsofaffin rasitan haraji da na jangali, da takardun naɗin sarauta, da hukuncin kotu ko na majalisar hakimi a kan iyaka, ko da sun tsufa sun yage.

Ga jami'an ƙananan hukumomi, aikin ƙirga shi ne wurin da ake cin amana ko a riƙe ta. A yi shelar ranar ƙirga a kasuwa da masallaci da coci. A rubuta mata masu gonar kansu da sunansu, da marayu, da masu aron gona, domin doka ta ambaci mai haƙƙi da mai zaune a wuri kowa gwargwadon rabonsa. A rubuta rugage da burtali da mashaya. A shigar da ƙananan ƙauyukan da suke ƙarƙashin dagacin wata ƙabila da sunansu na kansu, kada a dunƙule su cikin sunan babban gari, domin ƙauyen da bai fito a rajista ba ba ya fitowa a takardar biya. Bayan an gama a manna jerin sunayen a ƙofar gidan dagaci da sakatariya, a ba da lokacin gyara, kuma kowane mai gona ya karɓi kwafin abin da aka ƙirga masa.

Wanda bai gamsu da adadin diyya ba zai rubuta ƙorafi zuwa Kwamitin Amfani da Rabon Ƙasa na jiha, kamar yadda sashe na 30 ya tanada, kuma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi damar zuwa kotu a kan haƙƙinsa da adadin abin da aka biya shi. Rikicin gonar da ke ƙarƙashin haƙƙin gargajiya ana kai shi kotun yanki ko ta gargajiya, ko wadda ta maye gurbinsu a jihar, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2000 Babbar Kotun Jiha ma tana da hurumin sauraronsa.